Sarki Yana Landan, Talakawansa Suna Ƙetaren Teku: Wa Aka Yi wa Caffa?

Filin Tambaya Mabuɗin Ilimi

TAMBAYA: Allah ya gafarta Malam. Ni tela ne a Agege, kusa da tashar jirgin ƙasa. Ɗana na fari yana karatun tarihi a jami'a, da ya zo hutu muka yi musu a shago har na ajiye almakashi. Ni abin da na sani tun ina yaro shi ne, Turawan Ingila da suka fara zama a Amurka gudun sarkinsu suka yi. Shi kuwa ya ce sarkin ne ma ya ba su izinin tafiya, kuma sun daɗe suna yi masa biyayya. To in mutanensa ne, me ya kawo faɗa? In kuma gudu suka yi, ina biyayya ta fito? Ka raba mana gardama. Daga mai karatu a Agege.

AMSA: Malam tela, Allah ya yi wa yaron nan albarka. Ya fi ka kusa da gaskiya, amma kai ma ba a kai ka ƙasa ba, akwai inda maganarka ta tsaya da ƙafarta.

Bari in fara da gidanmu, don a nan na fara gane wannan al'amari tun kafin in gan shi a littafi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yaron wani attajirin goro ne da ke Kano. Shi yana nan Agege yana saye, yana ɗaure huhu, yana lodawa a jirgin ƙasa. Maigida yana can, da ƙyar ya leƙo sau ɗaya a shekara. Saƙo takarda ce da ajami, a naɗe ta a ba mai rakiyar kaya, ta yi kwanaki a hanya, amsarta ma haka. Yaran maigida su uku ne a gidan. Har yau ina ganinsu a zuciyata zaune kan tabarma bayan la'asar, jiƙaƙƙen ganyen goro a gefe, ana gardamar ko a sayi kaya yau ko a jira kasuwa ta sauka. Wannan ya ce, "Alhaji ya ce a saya." Wancan ya ce, "Wallahi cewa ya yi a dakata." Ban taɓa jin waninsu ya ce ya fita daga hannun Alhaji ba. Kowa da sunan Alhaji yake kafa hujja, kuma kowa abin da ya ga zai fisshe shi, shi yake kira umarnin Alhaji.

To, ka mayar da Kano ta zama Landan, Agege ta zama gaɓar Amurka, kwanakin jirgin ƙasa su zama wata biyu ko fiye a jirgin ruwa mai tafiya da iska.

A 1606 Sarki James na Ɗaya ya buga hatiminsa a takardar izini ga wasu attajiran Landan da suka haɗa Kamfanin Bajiniya. Kuɗin tafiya na masu hannun jari ne, ƙasar da za a samu ta sarki ce, kuma in an haƙo zinariya ko azurfa yana da kashi ɗaya cikin biyar. Jirage uku suka tashi a Disamba 1606, suka fi wata huɗu a hanya. A Mayu 1607 mutum ɗari da 'yan kai suka kafa sansani, suka sa masa sunan sarki, Jamestown. An ba su wani akwati a rufe, aka ce kada a buɗe sai an isa. Da aka buɗe, sai ga sunayen mutum bakwai da za su riƙe ragama, kuma ɗaya daga ciki, John Smith, a tsare ya ƙarasa tafiyar bisa zargin shirya bore a jirgi. Cikin wata huɗu sun tuɓe shugaban da suka zaɓa, Edward Wingfield. Ba a jima ba suka harbe wani ɗan majalisar, George Kendall, bisa zargin makirci da yi wa Sifaniya leƙen asiri. Duk wannan da sunan sarki aka yi shi, sarkin kuwa sai bayan watanni labari yake isa kunnensa.

Inda kake da gaskiya shi ne mutanen Plymouth. Waɗannan sun ware daga cocin Ingila, wanda sarki ne shugabansa, har sun yi zaman hijira a Holan kafin su hau jirgin Mayflower a 1620, su 102 har da wasu da neman abinci ya kawo. Amma ka ji abin da zai ba ka mamaki: kafin su sauka, maza 41 suka sa hannu a wata yarjejeniyar zaman tare, kuma a farkonta suka kira kansu talakawan Sarki James masu biyayya. Cocinsa suka guje wa. Inuwarsa kuwa suna buƙatarta, domin Faransa na arewa da su, Sifaniya na kudu, kuma ba wanda zai yarda gonar da ka share taka ce in babu hatimin wani mai iko a bayanta.

A Bajiniya abin da ya ɗaure sarki da talakawansa taba ce. John Rolfe ya fara gwada nomanta a 1612, cikin 'yan shekaru ta zama ita ce kuɗin ƙasar, da ita ake biyan bashi da haraji. Sarki James ya tsani taba, har ya rubuta maƙala yana aibanta ta a 1604, amma bai tsani kuɗin fiton da take zubawa a baitulmalinsa ba. A 1619 kamfani ya bar mazauna suka kafa majalisar wakilai tasu. A 1622 'yan asalin ƙasar ƙarƙashin sarkinsu Opechancanough suka kashe Turawa 347 a yini guda, kamfani kuma dama ya cika da bashi da rigimar cikin gida. A 1624 sarki ya soke takardar izinin, ya karɓi ƙasar a hannunsa. Daga nan gwamna naɗin sarki ne, majalisa kuwa ta manoman taba ce, kuma kowannensu yana ganin shi ne bakin sarki na gaskiya.

Akwai wata rana a 1635 da nake so ka kalla da kyau, don ta tattara amsar tambayarka. Gwamna John Harvey mutum ne mai zafin rai, ya taɓa zubar wa wani ɗan majalisa haƙora da sanda. Manya suna jin haushinsa don ya riƙe wata takarda da suka rubuta wa sarki kan cinikin taba bai aika ba, kuma yana goyon bayan sabuwar ƙasar Maryland, wadda sarki ya yanka daga abin da suke ganin nasu ne ya ba gidan Calvert, 'yan Katolika. Ana zaune a majalisa, Harvey ya dafa kafaɗar wani ya ce ya kama shi da laifin cin amanar sarki. Nan take wani ɗan majalisar ya miƙe ya ce su ma sun kama gwamna da wannan laifin. Kafin a ankara 'yan bindiga sun kewaye gidan. Suka ɗora shi a jirgi suka aika da shi Landan. Ka ga, mai kamu da wanda aka kama, duka don kare martabar sarki suka ce suna yi. Sarki Charles na Ɗaya ya ce dole a mayar da Harvey ko da kwana ɗaya zai yi, don kada talakawa su saba da tuɓe rawanin da ba su suka naɗa ba. Ya koma a 1637. Shekara biyu bayan haka sarki da kansa ya sauya shi. Sarki ya tsare girmansa, manoma kuma sun rabu da wanda ba sa so.

Gwaji na gaske ya zo da yaƙin basasar Ingila, wanda ya ɓarke a 1642 tsakanin sarki da majalisar dokoki. Ranar 30 ga Janairu 1649 aka fille wa Charles kai a Landan. Massachusetts, inda masu neman tsarkake coci suka taru tun 1630, zuciyarsu tana tare da majalisa. Su dama tun da za su taho suka ɗauko takardar izininsu suka ƙetare teku da ita, don kada hannun fada ya kai gare ta cikin sauƙi, kuma a 1652 suka fara buga sulensu babu sunan sarki a kai. Bajiniya kuwa, ƙarƙashin Gwamna William Berkeley, bafaden sarki na gaske, ta yi shelar cewa ɗan marigayin, Charles na Biyu, shi ne sarkinta, alhali shi kansa yana gudun hijira.

Ba zan ce wannan biyayyar ta baki ce kawai ba. Berkeley ya yi imani da sarauta har zuciyarsa, haka wasu da yawa. Sai dai a lokacin manoma suna sayar wa jiragen Holan taba da daraja, majalisar Ingila kuwa so take ta toshe wannan ƙofa. Kishin sarki da kishin aljihu sun hau doki ɗaya. A 1650 majalisa ta haramta ciniki da Bajiniya, a Maris 1652 jiragen yaƙinta suka iso. Berkeley ya tara mayaƙa, amma ba a yi harbi ba. Aka zauna aka rubuta sharuɗɗa: za a rubuta cewa da yardarsu suka bi, ba cin su aka yi da yaƙi ba, ba za a ɗora musu haraji ba sai da amincewar majalisarsu, wanda ya ƙi rantsuwar biyayya ga sabuwar gwamnati yana da shekara guda ya haɗa kayansa. Biyu daga cikin wakilan da suka karɓi wannan mubaya'a, Richard Bennett da William Claiborne, mazauna Bajiniya ne, maƙwabtan waɗanda suka miƙa wuya. Bennett ya zama gwamna, Berkeley ya koma gonarsa ba wanda ya taɓa shi. A farkon 1660 majalisar Bajiniya ta sake ɗauko shi, 'yan watanni kafin Charles na Biyu ya hau karagar ubansa. Sarki goma, zamani goma, amma manyan gonakin taba suna hannun gidajen da suke.

Sakayyar da suka samu ita ce ta fi ba ni tausayi. A shekarar da sarki ya dawo aka kafa dokar cewa taba ba za ta tafi ko'ina ba sai Ingila ko ƙasashenta, a jiragen Ingila. Farashi ya faɗi warwas. Berkeley ya je Landan ya yi ƙorafi, bai samu biyan buƙata ba, ya dawo yana zartar da dokar da shi kansa yake kuka da ita. Ya tsufa, ya kewaye kansa da 'yan gaban goshi, aka yi shekara 14 ba a sake zaɓen majalisa ba. Ƙananan manoma na bakin daji suna fama da haraji, suna kuma son a ba su dama su far wa 'yan asalin ƙasa su ƙwace filaye, gwamna yana hanawa. Sai ga Nathaniel Bacon, saurayi ɗan babban gida, dangin gwamnan ta wajen aure, wanda shi Berkeley ya ɗauko ya sa a majalisarsa. A 1676 ya ja tawaye. Berkeley ya kira shi maci amanar sarki, shi ma ya fitar da sanarwa yana kiran Berkeley maci amanar sarki. Har ya sa mutane suka rantse za su tare sojojin da za a aiko daga Ingila, zuwa lokacin da sarki zai ji gaskiyar magana. A zatonsu, ko a faɗarsu, sarki ba ya zalunci, fadawa ne suke rufe masa ido. Wannan magana ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe.

Ranar 19 ga Satumba 1676 Bacon ya ƙone Jamestown. A Oktoba ciwon atini ya kashe shi, rundunarsa ta watse. Cikin waɗanda suka fi daɗewa da makami a hannu akwai bayi baƙaƙe tamanin da barorin ƙwadago Turawa ashirin, waɗanda aka yi wa alkawarin 'yanci. Yaudararsu aka yi suka shiga jirgi, aka mayar da su ga iyayengijinsu. Berkeley ya rataye mutum 23. Sarki ya aiko da soja wajen dubu da masu bincike, ya kira gwamnan gida. Tsohon da ya rasa kujerarsa don ya ƙi juya wa gidan sarauta baya ya rasu a Landan a 1677 bai samu ganin sarki ba.

Na Massachusetts ba sai na ja ba. Sun ɓoye biyu daga cikin waɗanda suka sa hannu a hukuncin kashe Charles na Ɗaya, Edward Whalley da William Goffe, har suka mutu ba a kama su ba. A 1684 aka soke takardar izininsu, aka turo musu Edmund Andros a matsayin gwamna. A Afrilu 1689 mutanen Boston suka kama shi suka kulle, kuma ko a nan da sunan William, wanda ya karɓe sarauta a Ingila, suka fake.

Saboda haka ka gaya wa ɗanka ya yi gaskiya. Daga kafa Jamestown zuwa 1776 da suka ce sun bar sarki gaba ɗaya shekara 169 ne, wato jikokin jikoki ne suka yi wannan. Na farkon ba su yi musun cewa sarki sarkinsu ne ba. Rigimarsu ita ce wa zai ce "sarki ya ce" a wannan gefen teku, kuma nawa za a biya.

TAMBAYA: Baba Malam, ina koyarwa a wata makarantar firamare a Idi-Araba. Muna karanta wa yara yadda Akitoye ya haɗa kai da Turawa ya karɓi sarautar Legas. Shin sarakunan da suka tarar a Amurka su ma haka suka yi ƙawance da su, kuma ya amfane su? Daga 'yarka, malamar makaranta.

AMSA: Malama, Allah ya ba da ladan koyarwa. Na haɗa tambayarki da ta sama don ita ce rabin da yawanci ake tsallakewa.

Na Legas kin san shi: Kosoko ya kori Akitoye a 1845, jiragen yaƙin Ingila suka yi wa birnin ruwan wuta a Disamba 1851 suka mayar da Akitoye, ranar 6 ga Agusta 1861 kuma ɗansa Dosunmu ya sa hannu a takardar miƙa Legas, aka yanka masa buhun wuri 1,200 a shekara. Bambancin shi ne, a nan tashar jirgi da hanyar ciniki suke so. A Bajiniya ƙasar noman kanta suke so, domin taba tana cinye ƙarfin gona cikin 'yan shekaru, kuma daga 1618 duk wanda ya biya wa mutum guda kuɗin jirgi ana ba shi eka 50. Kowane jirgi da ya iso, filin wani ne zai tafi.

Powhatan, wanda ke mulkin ƙabilu wajen talatin, ya gane abin da wuri. A 1608 aka aiko masa daga Landan da kambin sarauta da jar alkyabba da gado, don a naɗa shi ya zama hakimin Sarki James. Ya ƙi zuwa Jamestown, ya ce shi ma sarki ne kuma wannan ƙasarsa ce, su zo su same shi. Suka je. Aka yi aka yi ya durƙusa a ɗora masa kambi, ya ƙi, sai da suka danna kafaɗunsa ya ɗan sunkuya, suka yi wuf suka ɗora. Shi kuma ya ba Kyaftin Newport, wanda ya kawo kayan, tsohon mayafinsa da takalmansa. Turawa suka ɗauka an yi caffa, shi ya ɗauka sarki ya gai da sarki, an yi tukuici.

Bayan yaƙin da suka yi da Turawa a 1644, ƙarfin waɗannan ƙabilu ya karye. Yarjejeniyar 1646 ta sa su ƙarƙashin sarkin Ingila, da gaisuwar fata ashirin ta wata dabbar ruwa mai laushin gashi kowace shekara, lokacin da agwagin daji suke ƙaura. Kuma sun riƙe alkawari. A 1656 Totopotomoi, sarkin ƙabilar Pamunkey, ya fita yaƙi a gefen Turawa, aka kashe shi tare da mayaƙansa da yawa. Matarsa Cockacoeske ta gaje shi. Shekara ashirin bayan haka aka kira ta gaban majalisa a Jamestown, ana tambayarta mayaƙa nawa za ta bayar. Ta tuna musu da mijinta da mutanen da suka mutu dominsu, da cewa ba a taɓa biyan diyyar ko ɗaya ba. Ba wanda ya tanka wannan, aka sake maimaita mata tambayar. A ƙarshe ta ce sha biyu, ta tashi ta fita. Ina so ki karanta wa yaranki wannan wurin a hankali. Bayan 'yan watanni Bacon ya bi mutanenta har cikin fadamar da suka ɓuya, ya kashe wasu ya kama wasu, alhali abokan ƙawance ne. Ita kanta ta yi kwanaki a daji da yunwa.

Masu binciken da sarki ya aiko su suka saurare ta, don Landan ta fi son zaman lafiya da kuɗin fito a kan yaƙin bakin daji mai cin kuɗi. A Mayu 1677 aka ƙulla sabuwar yarjejeniya, ita ce ta fara sa hannu. Aka amince musu da sauran filin da ya rage, a kan kibiya uku da fata ashirin a shekara, Charles na Biyu kuma ya aiko mata da lambar azurfa mai ɗauke da sarautarta. Sauran ƙasar kakanninta ta riga ta zama gonakin taba. Wani yanki na wannan ɗan filin yana hannun Pamunkey har yau, kuma kowane Nuwamba su da maƙwabtansu Mattaponi suna ɗaukar barewa zuwa ƙofar gidan gwamnan Bajiniya a Richmond, suna cika sharaɗin da aka ƙulla da sarkin Ingila.